Ƙarin ɗaki da rufe baranda da gilashi: sai da izinin KUDA, hukumar raya birane ta Jihar Kebbi?

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum. Gida ne a Badariya, Birnin Kebbi, fili ƙafa 50 a 100, ɗaki uku da falo, akwai sauran kamar ƙafa 25 a baya. Ana son ƙara ciki da falo a wurin, a kuma rufe barandar gaba da gilashi da alminiyom. Na karanta a intanet cewa ƙaramin ƙari irin wannan ba ya buƙatar izini, birkila ma ya ce a fara kawai tunda cikin katanga ne. Haka ne? In ba haka ba, waɗanne takardu ake kaiwa?

Ɗan Gwandu:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta dokar Ingila ce. A can mai gida zai iya ƙara ɗaki marar bene a bayan gidansa har tsawon mita 4 in gidan a ware yake, ko mita 3 in manne yake da na maƙwabci, ba tare da neman izinin tsara gari ba, muddin ƙarin bai cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan ba. Wannan sassauci nasu ne, kada ka ɗora aikinka a kansa.

A Najeriya, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, tsara birane hurumin jihohi ne. A Birnin Kebbi KUDA za ka nufa. Ƙari gini ne, katanga ba ta fitar da shi daga doka.

Abin da za ka haɗa: takardar filin, C of O (takardar shaidar mallaka ta gwamnati) ko takardar da aka ba da filin da ita, zanen safiyo mai nuna iyaka da lambobin duwatsu, tsohon zanen gidan da aka buga wa hatimi, sai sabon zane da ke nuna abin da ke ƙasa yanzu da abin da za a ƙara, da tazarar kowane bango daga iyaka. Mai zanen ya kasance yana da rajistar ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista. In akwai rufin kankare ko bene, sai an haɗa da zanen rodi da ginshiƙai daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya. Bayan ka shigar za a zo duba wurin, a ƙiyasta kuɗi, ka biya ta hanyar da ofis ya rubuta maka, ka riƙe rasit. Kwafi ɗaya mai hatimi ya zauna a wurin aiki har a gama.

Inda fayil ya fi maƙalewa wuri biyu ne. Ko dai tsohon ginin tun asali ba shi da zanen da aka amince da shi, sai an auna gidan yadda yake an zana shi tukuna, ko kuma sunan da ke takardar fili ba na mai neman izinin ba ne. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sauya mallakar fili mai C of O sai da amincewar gwamna.

Injiniya B.K.:

Ɗan Gwandu ya gama da takardu, bari in taɓa awo, domin ƙafa 25 ɗin nan ba duka taka ba ce. Ƙafa 25 mita 7.6 ke nan. Tazarar da aka saba bari a bayan gidan zama mita 3 ce, sai dai in tsarin unguwar ya ce wani abu daban. Saura mita 4.6. Cire kaurin bulo mai inci 9 da filasta, ɗaki mai faɗin mita 3.6 zuwa 4 zai shiga. Amma ciki da falo sai dai a jera su gefe da gefe a faɗin filin, ba ɗaya a bayan ɗaya ba.

Kafin a zana komai a duba ina ramin sokawe yake, don a irin wannan fili galibi a baya ake haƙa shi. Ba a ɗora bango a kan murfinsa ko a bakinsa: ƙasar wurin a jiƙe take kullum, fandisho zai zauna, kuma ranar da ya cika motar kwasa ba ta da hanyar kaiwa gare shi. A duba kuma tagogin ɗakunan baya. In sabon gini ya toshe su, an mayar da ɗaki biyu tanderu don a samu ɗaya.

Sai haɗin tsohon bango da sabo, nan ne birkiloli da yawa ke kuskure. Sukan fasa tsohon bango su saƙa sabon bulo a ciki don ya kama. Tsohon gini ya gama zamansa shekaru da suka wuce, sabo yanzu zai fara, shi ya sa damina ɗaya ko biyu sai ka ga tsaga tun daga linta har ƙasa daidai wurin haɗin. A ba sabon ginin fandishonsa da ginshiƙinsa, a bar rata kamar milimita 20 a tsakani, a cike da abu mai laushi, a rufe bakinta. Ga bulo mai inci 9, kankaren fandisho faɗin milimita 675, kauri 225, haɗin siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6. Ginshiƙi da linta 1, 2, 4. In ƙasar laka ce irin ta gefen fadama, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, wannan awon bai isa ba, sai injiniya ya ga ramin da idonsa. Daɓen sabon ɗaki ya yi daidai da na tsoho ko ya ɗan fi shi, kada ya gaza.

Rufi kuma, in kwanon sabo ya haɗu da na tsoho suka yi kwari a tsakiya, nan yoyo zai fara. Indararo ya zuba a cikin gidanka ko a kwata, ba a bangon maƙwabci ba. Yawancin ƙorafin da ke jawo jan fentin hukuma na tsayar da aiki a katanga daga maƙwabta yake fitowa, kan ruwa ko kan taga mai leƙa tsakar gidan mutane.

Hajiya Mai Zane:

Kan baranda, ɗan'uwa: da zarar an rufe ta ta zama ɗaki, don haka a sa ta cikin zane ɗaya da ƙarin baya, a nemi izini sau ɗaya. In za a ja ta gaba fiye da inda take, ta shiga tazarar titi, wadda ta fi ta baya tsanani. Ka ɗaga kai ka duba waya ma: layin wuta mai 11kV ko 33kV ana bar masa mita 5.5 kowane gefe.

Ni dai ban ga hikimar ɗakin gilashi a Kebbi ba. Turawa suna yinsa ne don su tara zafin rana, mu kuwa a Afrilu zafi yana haura digiri 40. In barandar yamma take kallo, daga azahar ba mai iya zama ciki, da hunturu kuma ƙura za ta lulluɓe gilashin kullum. A ɗaga bango zuwa ƙugu, a sa taga mai buɗewa da raga a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, a yi silin, a bar kwano ya zarce bango da kamar santimita 60.

Abu Hafsat:

Allah ya saka da alheri. Sokawe kam a baya yake, kusurwar hagu. Takardar filin kuma da sunan mahaifinmu take, Allah ya jiƙansa.

Ɗan Gwandu:

Amin. To a ajiye maganar bulo tukuna. In ba a raba gado ba, a raba, ka karɓi takardar kotu da ke nuna gidan ya faɗo a kasonka, da ita za a nemi sauya suna a ma'aikatar filaye. In kuma gidan zai ci gaba da zama na haɗaka, sauran magada su sa hannu a rubuce cewa sun yarda da ƙarin, a kuma rubuta kuɗin wa aka kashe.

Injiniya B.K.:

Amin. Tunda ramin yana hagu, a ja ginin dama, a bar aƙalla mita 2 tsakanin bakin ramin da fandisho, da lungun da tiyon motar kwasa zai bi. In faɗin bai isa ciki da falo ba, a haƙa sabon rami a fara amfani da shi, a kwashe tsohon, a cike shi da jar ƙasa hawa-hawa ana dannewa, kuma duk da haka kada ginshiƙi ya sauka a kansa.