Ferrari biyu a kasuwar Al Aweer: mai takardu ko mai ƙarancin tafiya?

Ɗan Deira:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah kada wani ya fara mini wa'azin almubazzaranci, uwargida ta riga ku.

Shekarata 14 a Dubai ina harkar tura kaya Kano da Yamai. Tun muna samari a Fagge akwai hoton wata jar Ferrari da na yanko daga kalanda na manna a bangon shagonmu, har rana ta kodar da shi. Yanzu Allah ya ɗan hore, na ce bari in cika wa yaron nan burinsa. Ba sabuwa ba, ƙarfina bai kai can ba. 360 Modena nake nema, wadda aka fara fitarwa a 1999.

Na zagaya kasuwar motoci ta Al Aweer sau uku, na tsaya a kan guda biyu, duka masu giyar F1, wadda a bayan sitiyari ake canza ta, motar da kanta take sarrafa kulochi. Ta farko ja ce, ƙirar 2002, mita na nuna kilomita 31,000, fenti kamar a lashe. Sai dai babu littafin sabis, babu rasit ko na juyen mai. Mai sayarwa ya ce littafin ya ɓata lokacin da mai motar ya tashi daga gida, sai ya tayar da ita ya ce in saurari kukan injin. Na saurara, wallahi har tsikar jikina ta tashi. Ta biyun ruwan azurfa ce, 2001, ta ci kilomita 68,000, kujerar direba ta ɗan goge. Amma ita da wani fayil ta zo, kauri kamar na shari'ar gado, rasit tun daga mai ita na farko. Abin da ya ɗaure mini kai: wannan tsohuwar da ta fi shan hanya ita ce ta fi tsada, da dirhami 55,000.

Niyyata in hau shekara uku ko huɗu in sayar. Takarda ce za ta ci 55,000? Ko dillalai ne kawai suka ga baƙon fuska?

Bakanike Sanaiyya:

Wa alaikumus salam Alhaji. A gareji nake a Sharja, irin waɗannan motocin suna shigo mana. Ba takarda kake saya ba, kwanan wata kake saya.

Injin 360 bel yake amfani da shi wajen taimin, wato daidaita motsin bawul da na fistin, ba sarƙa ba. Bel roba ne, roba kuwa ba ruwanta da ko an hau mota ko ba a hau ba, shekaru ne ke cinye ta, balle a ƙasar da zafi ke kusantar digiri 50. Ƙa'idar kamfani a canza duk shekara 3. Wasu na ja zuwa 5, ni ba na ba da wannan shawarar a nan. Ranar da ya tsinke kana tafiya, fistin zai haɗu da bawul, kuma injin nan bawul 40 gare shi, biyar a kowace silinda. Daga nan ba maganar 55,000 ake ba. To ita jar, yaushe aka canza mata? Ba wanda ya sani. Kukan injin ba zai gaya maka ba, bel ɗin da zai tsinke gobe yau lafiya lau yake kuka.

Sa'ar da ka yi, a 360 ta bayan kujeru ake buɗe wani murfi a kai ga bel ɗin. Yayarta F355 sai an sauke injin ɗungurungum, shi ya sa masu ita da yawa suke ta ɗaga aikin, shi ya sa kuma rasit ɗin wannan aiki ɗaya yake motsa farashinta sosai. F430 da ta biyo baya sarƙa aka sa mata, ita nata ciwon a bututun hayaƙi yake, yana tsagewa.

Na biyu, kulochi. A jona kwamfutar Ferrari, SD2, za ta faɗi kashi nawa ya cinye. Kada ka ba da ko dirhami ɗaya kafin ka ga wannan lambar da idonka.

Kuma ƙarancin tafiya ya daina burge ka. Kilomita 31,000 a fiye da shekara 20, ai ajiye ta aka yi. Motar da ke zaune sil-sil ɗinta bushewa suke, tiyo ya yi tauri, ranar da ka fara hawa kullum sai ta fara ɗigar mai ta ko'ina. Wannan ma in mitar gaskiya ta faɗa. Idan babu rasit mai kwanan wata da kilomita a jere, mita lamba ce kawai. Sannan ka tuna ruwan Afrilun 2024. Motoci nawa suka kwana cikin ruwa a Dubai da Sharja? A ɗaga kafet, a sunsuna, a duba wayoyi.

Sarkin Dillalai Abuja:

Oga bakanike ya yi magana, amma bari in faɗi ta kasuwa. Ranka ya daɗe, ina za ka sayar? In gida za ka kawo ta, shekarata da yawa ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wanda ya zauna karanta rasit ba. Takardar kwastam ake tambaya, sai launi, sai "ta taɓa yin hatsari?" Kuma Ferrari ja ce, ruwan azurfa sai ka yi ta bayani. Ni da ni ne, in ɗauki jar, in kai ta gareji a canza bel da kulochi da duk wani ruwa da ke jikinta, 55,000 ɗin nan ta isa har da canji. Daga ranar ka buɗe naka fayil ɗin. Shi ke nan.

Baban Ilham, Birmingham:

Sarki, lissafinka ya yi daidai a kan gyara, amma bai yi a kan sayarwa ba. Fayil ɗin da Alhaji zai buɗe yau zai nuna shekara huɗun da ya riƙe ta. Ashirin ɗin baya suna nan rami, kuma wanda zai saya daga hannunsa zai rage masa kuɗin ramin nan kamar yadda aka rage masa yau. Ga kuɗin gyaran da ya zuba, shi ba ya dawowa duka. Kuma mai neman tsohuwar 360 ba irin mai sayen mota don zuwa biki ba ne. Yawanci ya san motar fiye da mai sayarwa, kuma irinsu sun fi yawa a Dubai da Turai.

Na taɓa riƙe Porsche 911, samfurin 996. Duk wanda ya san ta ya san maganar boris ɗin IMS, wani boris a cikin injin da ke kashe shi in ya fashe. Na canza nawa, na adana rasit. Ranar sayarwa wani dattijon Bature ya zo daga nesa, na buɗe masa gareji, ya ce a'a, a fara ba shi takardu. Ya zauna a falona da shayi kusan minti 40 yana bin rasit ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kilomitan da tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wanda a nan Ingila kowa zai iya dubawa kyauta a intanet da lambar mota. Sai da ya gama ya je ya kalli motar, bai fi minti goma ba. Bai nemi ragi ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida, a falona na ga ma'anarsa.

Abu ɗaya Alhaji: hatimi daban, rasit daban. Hatimi a littafi cewa kawai yake an kawo mota. Rasit ne ke faɗin abin da aka kwance da abin da aka ɗaura, kuma hatimi ba ya wuyar sassaƙawa. Ka ɗauki lambar shasi ka kira garejin da sunansa ke kan takardun su tabbatar. In wani ya kawo maka zancen jan littafin Ferrari Classiche, shi shaida ce cewa injin da giya da sauran kayan na asali ne, ba ya maye gurbin tarihin sabis.

Ɗan Deira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda ta kaya.

Na biya kuɗin dubawa aka ɗaga su duka biyun a wani garejin da ba ruwansa da masu sayarwa. Mai jar sai da ya yi ta ja, wai ba a fitar da mota sai an ba da kafin alƙalami, daga baya ya yarda. Babu alamar ruwa, wannan kam na ba shi gaskiyarsa. Kulochi ya cinye kashi 81, tayoyi na 2016 ne. Duk wannan da sauƙi, da na bi shawarar Sarki. Abin da ya kashe cinikin wata 'yar sitika ce da yaron garejin ya hango a gefen ƙofar direba, irin wadda ake mannawa bayan juye, ta kusa gogewa. An rubuta 2017, kilomita 44,200. Mota mai 31,000 yau. Na nuna wa mutumin, ya ce wataƙila ta wata motar ce aka manna bisa kuskure. Na ce to, Allah ya kawo kasuwa.

Ita ma ta azurfar ba waliyyiya ba ce. Da na zauna da fayil ɗin irin zaman Baturen Baban Ilham, na ga babu komai daga 2013 zuwa 2015. Maɓallan ciki sun yi danƙo kamar an shafa musu alewa, ƙafar gaba ta dama na buƙatar aiki. Amma bel an canza shi wata 11 da suka wuce, na kira garejin da lambar shasi suka karanto mini aikin daidai da rasit, kulochi kuma kashi 38. Da ramin shekara biyun nan da ƙafar na samu aka rage mini 12,000, kun ga takardar da ta ɗaga kuɗin ita ta ba ni abin riƙewa wajen ciniki.

Na ba da kafin alƙalami jiya, ranar Litinin za mu je a sauya suna. Uwargida ta ga hoton ta ce duk wannan hayaniyar ashe ma ba jar ba ce. Oga bakanike, danƙon maɓallan nan ana iya wanke shi ne, ko sai an cire su gaba ɗaya an sake musu fenti?