"Ba a fafe gora ranar tafiya": ta dace da babi na uku kuwa?

Ɗalibar Digiri na Biyu: Assalamu alaikum. Jama'a a warware mini wata karin magana. Bincikena a kan zuwan mata awon ciki ne a ƙauyuka uku. Na kai babi na uku, na hanyoyin gudanar da bincike, wurin malamin da ke duba aikin. Inda na rubuta cewa za a ƙalailaice bayanan da hanyar da ta dace bayan an tattaro su, sai ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Ba a fafe gora ranar tafiya." Iya sanina, malalacin da bai tashi shiri ba sai lokaci ya ƙure ake faɗa wa wannan. Ni kuwa saura wata biyu in fita ƙauyukan, takardar tambayoyina ma na kammala ta. Wane gora ne ban fafe ba?

Baba Manomi: Wa alaikumus salam 'yata. Ku yaran yanzu robar ruwa kuka sani. Duma idan ya ƙosa a yanke shi, a bar shi ya bushe, a yanke baki, a sa ƙarfe a ƙwaƙule 'ya'yan da ɓargon ciki. Wannan ne fafewa. Kuma ba a nan aka gama ba, sai an zuba ruwa an bar shi ya kwana, a zubar, a sake, har ɗacin ya fita. Wanda ya fafe da safen tafiya zai samu abin zuba ruwa, amma ruwan ba zai shawu ba. Saboda haka maganar ba ta tsaya kan lalaci ba. Akwai aikin da ko kana da himmar duniya, kwanaki yake buƙata.

Malamin Lissafi: Baba ya gama magana, saura in ɗora. 'Yar'uwa, me kika tambayi matan? Idan tambayar ita ce "Kin je awo?", amsa e ko a'a, to an gama da ke. Da can Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa huɗu take cewa a yi, a 2016 ta mayar da shi takwas. Ranar da kika zauna gaban SPSS, manhajar ƙalailaice alƙaluma a kwamfuta, kina son sanin mata nawa suka cika huɗu, nawa suka cika takwas, ko nisan asibiti na rage yawan zuwa, babu abin da e da a'a za su ba ki. Ƙauyen kuma kin baro shi, kuɗin mota sun ƙare. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su zana teburan babi na huɗu, na sakamakon bincike, babu ko lamba ɗaya a ciki, tun kafin su rubuta tambaya. Duk tambayar da ba ta da gurbi a tebur a cire ta, duk gurbin da babu tambayar da za ta cike shi a ƙirƙiro ta. Goranki shi ne tsarin ƙalailaicewa, kin bar shi sai ranar dawowa ma, ba ranar tafiya ba.

Ɗan Kantin Kwari: Ni ba ɗan boko ba ne can, amma ina ganin malamin ya yi kuskuren zaɓe. "Shirin zaune ya fi na tsaye" ce ta dace. Ta gora ana faɗinta ne bayan aikin gama ya gama, kamar wanda ya zo neman ɗinki daren Sallah. Gori ce, ba shawara ba.

Baba Manomi: A'a Alhaji. Ana faɗa a gori, ana faɗa a gargaɗi. Uwa kan faɗa wa kanta ita tana tara kayan ɗakin 'yar da ko saurayi ba ta yi ba.

Hajiya Mai Hira: Ni fa ina da ja, kuma ba da Baba nake ba, da Malamin Lissafi nake. An mayar da wannan karin magana sandar dukan ɗalibai. Yaro ya zauna a ɗakin karatu ya ƙulle komai, tambaya ashirin, kowace da zaɓi biyar, ya tafi ƙauye ya dawo da abin da ya riga ya sa a ransa. Idan dalilin da ke hana mace zuwa awo baya cikin zaɓinki biyar fa? A ce uwar miji ce ta hana, ko ita matar ba ta son a san da cikin sai ya fito, don gudun baki. Wa zai rubuta wannan a teburin da aka zana a birni? Mary Smith, wata Baturiya mai bincike, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, tsohuwa na ba da labari ita tana rubutawa, littafin ya fito a 1954, har yau masu nazarin rayuwar matan Hausawa ba su daina komawa gare shi ba. Wane tebur ta zana? Ai mu ne muka ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji.

Malamin Lissafi: Hajiya, da girmanki, misalin nan nawa ne ba naki ba. Mary Smith da harshen Hausa ta yi hirar, kuma sai da ta samu yardar tsohuwar. Wannan ba shiri ba ne? Mai hira ma yana yanke shawara tun a gida: wa zan tambaya, da naɗar murya ko da rubutu, yaushe zan ce ya isa.

Hajiya Mai Hira: To ka ga ka sauko. Shirya kai daban, ƙulle amsa daban. Karin maganar ta ce a fafe gora, ba ta ce a cika shi da ruwan gida a hana shi na hanya ba.

Tsohon Jami'in Ƙidaya: Ku bar ni in shigo da abin da ake gamuwa da shi a fili, don duk ku biyun a ofis kuke magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar, gidaje wajen dubu 42 aka zaɓa, kuma sai da aka juya tambayoyin zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, aka gwada su, kafin a saki ma'aikata. Ke ma ki gwada taki a wani ƙauyen da ba ya cikin ukun, ko mata goma sha biyar ne. A nan za ki gano abubuwa. Tambayi mace shekarunta, ta ce talatin, maƙwabciyarta talatin, ta gaba talatin da biyar. Ki duba takardunki ki ga shekarun duk ƙauyen da sifili ko biyar suke ƙarewa. Mu da jerin abubuwan tarihi muke fita don gano shekarar da aka haifi mutum: canjin hannu 1972, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine 1980, canjin kuɗi 1984, sai a tambayi dattijon gidan. Naki matan ƙanana ne, sai ki nemi na kusa, irin shekarar da aka naɗa hakiminsu na yanzu. Sannan tambayar haihuwa. Mace da yawa ba za ta kama sunan ɗan fari ba saboda kunya, waɗanda suka rasu kuma sai kin tambaya daban, a hankali, in ba haka ba ta tsallake su. Namiji ba zai shiga gidan kulle ba, ki nemi mata masu taya ki. Kada ki shiga gari ba ki gaida dagaci da mai unguwa ba. Kuma ki tanadi bayanin da za ki yi kan ko ke wace ce da abin da za a yi da amsoshin. Tun gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Kano a 1996, duk wanda ya zo da takarda yana tambayar lafiya, ana yi masa kallo biyu.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Mu dai a sashenmu, wajen yawan mutanen da za a tambaya, kowa 384 yake rubutawa, ko 400. An ce haka dokar take.

Malamin Lissafi: Ba doka ba ce ƙanena. 384 daga teburin Krejcie da Morgan na 1970 ta fito, 400 kuma daga lissafin Yamane, idan jama'ar na da yawa kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari. Dukansu sun ɗauka cewa ƙuri'a aka yi wajen zaɓen mutanen. Idan ka tsaya ƙofar asibiti ka tambayi mata 384 ko suna zuwa awo, duk za su ce e, tunda a layin awon ka same su.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Na gode ƙwarai. Zan zana teburan, zan mayar da tambayar ta zama "sau nawa". Amma maganar Hajiya ta tsaya mini. In ƙara buɗaɗɗiyar tambaya a ƙarshe, mace ta faɗi dalilinta da bakinta?

Malamin Lissafi: Ki ƙara, da sharaɗin ki rubuta a babi na uku yadda za ki karkasa amsoshin, da wanda zai sake dubawa bayanki.

Hajiya Mai Hira: Tambaya ɗaya a ƙarshen takarda, bayan an gajiyar da mace da ashirin, tuwonta na kan wuta? "Babu komai" za ta ce miki. Ki ware mata goma, har da unguwarzoma ɗaya da uwar miji ko biyu, ki zauna da su daban, kuma ki yi wannan kafin ki buga takardun, ba bayan ba.

Tsohon Jami'in Ƙidaya: Wata biyun da kika ce, a wane wata zai faɗa? In damina ta zauna, wasu hanyoyin ƙauyen ko babur ba ya bi, masu gidan da za ki nemi izininsu kuma suna gona har la'asar.