An dasa wa Baba ƙwayoyin radiyeshin don kansar furostet, sakamakon gwajinsa ya ɗaure mana kai

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da duk wanda ya taɓa shiga wannan hali, a taimaka mana.

Wata 20 ke nan da aka dasa wa Baba ƙwayoyin ayodin-125 masu fitar da radiyeshin a furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), 'yan mitsi-mitsi da ba su kai rabin santimita ba. An gano kansar da wuri. PSA ɗinsa, wato sinadarin da ake aunawa a jini don bin diddigin kansar, ya sauka zuwa 0.6, kwatsam ya koma 1.1, sai aka ɗebi tsoka aka auna.

Rahoton ne ya hana ni barci. Ya ce ƙwayoyin halittar sun canza siffa, akwai tabo, jijiyoyin jini sun yi kauri, wai duk aikin radiyeshin ne. Ko makin Gleason, wanda ke nuna tsananin kansar, ba a rubuta ba. Likitansa ya ce PSA kan ɗan hau ya sauko da kansa a irin wannan lokaci, kuma gwajin tsoka kafin shekara biyu yakan ruɗar da mutum. Baba dai ya yi shiru, ko tambaya bai yi ba.

To yaya ake bambance lafiyayyar tsokar da radiyeshin ya sauya da kansar da ta rage? Mu jira ne, ko mu kai samfurin wani masanin ya sake dubawa?