Me za mu kira ɗan allon da ke tsakanin sola da batir?

Jama'a assalamu alaikum. Yau masu Hausa da masu lantarki nake nema a lokaci guda.

Ƙanena ne ya haɗa mana fitilar tsakar gida da tsohon batirin waya da ɗan farantin sola mai bolt 6. Waya biyu kawai ya ja daga faranti zuwa batir, ya naɗe da salatif. Ba a jima ba batir ya kumbura kamar fanke. Na kwashi tarkacen na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada, wajen Kasuwar Barci. Ya juya batirin a hannu, ya ce: "Ɗan nan, ina kwantirolar? Ku gode wa Allah da bai kama da wuta ba."

Sai ya buɗe wani gwangwanin madara ya zaro ɗan allo shuɗi, bai fi babban yatsa ba, da ƙwai biyu ƙanana a jiki, ja na caji, shuɗi na cika. Na ce Baba, mene ne sunansa da Hausa? Ya yi dariya, ya ce kwantirola dai.

Ni ban ƙi aro ba. Batir aro ne, caji aro ne, sola ma haka, kuma duk sun zauna daram a bakinmu. Amma kwantirola ta riga ta yi gida a wani wuri: ka ce kwantirola a Kaduna, rabin mutane shugaban kwastam za su tuna. Kuma kalmar ba ta gaya wa yaro mai koyo komai game da aikin abin. Da ƙanena ya san aikinsa daga sunansa, da bai tsallake shi ba.

To ga aikin, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Batirin litiyam irin na waya, ko mai kama da ƙaton batirin tocila da ake kira 18650, bolt 3.7 ake rubuta masa, amma cikarsa 4.2 ce, kuma ba ya son a wuce nan ko kaɗan. Shi kuwa faranti ba shi da alƙawari. Mai bolt 6 yakan kai wajen 7 da tsakar rana in babu abin da ke jan sa, hadari ya taso ko hazon hunturu ya sauka ya faɗi ƙasa. Ɗan allon nan shi ke tsakani. Da farko yana sakin wuta daidai gwargwado. Batir na kai 4.2 sai ya riƙe a nan, ya dinga rage wutar sannu a hankali, har ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma, sannan ya yanke. Duk wanda ya taɓa cika jarka a famfo ya san wannan: ka buɗe sosai, in ruwa ya kusa wuya ka rage, ka rufe kafin ya yi ambaliya.

Na tambayi abokai, ga abin da aka kawo.

Wani ya ce "na'urar daidaita cajin batir daga hasken rana". Daidai ne, zai yi kyau a labaran Rediyon Tarayya. Amma je ka faɗi haka a kasuwar Gumi, kafin ka kai ƙarshe mai shago ya sallami mutum biyu.

Wani direba ya ce "birkin caji". Na so shi da farko, sai na ga birki tsayarwa kawai ya sani. Yankewa ita ce ƙaramin aikin allon nan, rana guda yake yi yana auna wuta.

"Mai gadin batir" ya fi daɗi a kunne, kuma wani malamin lantarki da ya yi Kaduna Poly ya dage a kai. Na ce Malam, ai wannan sunan yana da mai shi. Akwai wani allo dabam da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta in waya ta haɗu da waya, ko batir ya zube ƙasa da wajen bolt 2.5. Shi ne mai gadi na gaskiya: ba ya ciyar da kowa, sai an yi ɓarna yake tashi. Wasu allunan suna zuwa da duka biyun a haɗe, shi ya sa ake rikita su. In muka ba su suna ɗaya, mun ƙara rikicin.

Ni nawa zaɓin: linzamin caji.

Linzami yana tsayar da doki, amma ba shi ke nan ba. Da shi ake sassauta masa, da shi ake rage masa sauri, mahayi yana jin dokin a hannunsa. Kuma Bahaushe ya riga ya ce "a ja masa linzami" ga duk abin da ke neman wuce gona da iri. Na san za a ce mun gajiyar da kalmar, ga linzamin kwamfuta ga makami mai linzami. Gaskiya ne, amma a nan ta fi dacewa da na kwamfutar nesa ba kusa ba. Akwai wanda ya ce akala. Akala juya hanya ce, mu kuwa matsalarmu gudu.

Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne yadda sunan ke ɗaukar bayani. Allon da Baba ya nuna min TP4056 ne, wanda asali don cajar USB aka yi shi, ba don sola ba. In rana ta yi rauni yana ci gaba da jan faranti har ƙarfinsa ya durƙushe. Alluna irin su CN3791 kuwa suna riƙe faranti a inda ya fi ba da wuta, dabarar da ake kira MPPT, kuma ana sayar da su bisa bolt ɗin faranti, na 6, na 9, na 12. Kenan akwai linzami mai fisga, akwai mai lallaɓa. Haka wani nau'in batirin litiyam da ake kira LiFePO4, cikarsa bolt 3.65 ce, ka sa masa linzamin 4.2 ka cuce shi. A shago sai ka ce "ba ni linzamin 4.2", an gama. Babba na jikin bango kusa da inbata kuma babban linzami, wannan ɗan linzami.

Jiya na koma karɓar fitila na gaya wa Baba. Ya ce shi bakinsa ya tsufa da kwantirola, amma ba laifi. Yaron shagonsa dai ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta LINZAMI a jikin gwangwanin madarar.

Saura MPPT. An ce "mai bin rana", na ce a'a, za a zaci farantin ne ke juyawa. Masu Hausa, ina jiran naku.