Marsandi 500E: V-Boot Ɗin Da Gida Biyu Suka Yi Wa Raino

Tsohon Direba, Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Yau baitina kan Marsandi 500E ne, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Paris a 1990. Mai amsawa ya amsa, amma da waƙa.

Bismillahi zan yi waƙar tafiya,
Ta motar da ba ta san gajiya.

Marsandi 500E, 'yar Jamus,
In ta tsaya ba ta roƙon kallon duniya.

Ka gan ta ka ce V-Boot ce ta kowa,
Irin ta alhazan Kwari masu dukiya.

Sai ka lura ƙugunta ya ɗan buɗe,
Ta yi ƙasa, ta zauna kan faffaɗar taya.

Silinda takwas a ƙarƙashin bonet,
Lita biyar, ba ihu, ba hayaniya.

Ƙarfin dawaki 326 a ɗaure ciki,
Ingarma ne da ba a sa wa kayan kwalliya.

Daƙiƙa shida da ɗoriya ta kai gudun kilomita 100 a awa,
Kai kuwa kana zaune lafiya.

A 250 aka ja mata linzami,
Ba don ta kasa ba, an dai ce mata tsaya.

Ka yi asuba a Fagge, ka hau Titin Zariya,
Hantsi kana Kaduna, ba ciwon baya.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Baba. Ga tawa, da hannun da bai rabu da baƙin mai ba.

Baba Direba ka yaba, ka kyauta,
Amma ka tsallake gidan haihuwa.
Gida biyu suka yi rainon yarinyar,
Marsandi da Porsche, kowa da rawar takawa.

Injin Marsandi 500SL aka ɗauko mata,
Gaban V-Boot ya ce ba wurin sawa.
Porsche ta buɗa gaban, ta gyara ƙafafu,
Batir kuwa but aka kai shi kwantawa.

Da ta yi faɗi layin masana'antar Marsandi a Sindelfingen ya ƙi ta,
Sai a ɗora wa babbar mota, kaiwa da komowa.
A Zuffenhausen, gidan Porsche, a haɗa gangar jikin da hannu,
A kai ta fenti, a dawo da ita don ƙarasawa.

Kwana 18 kowace ɗaya ke cinyewa,
Kafin a ce yau ta isa fitowa.
Daga 1991 har zuwa 1995,
Guda 10,479 aka iya ƙerawa.

Porsche a lokacin aljihu ya bushe,
Kwangilar nan ta taya ta farfaɗowa.
Ka ga tauraro a hanci ka ce Marsandi,
Hannun maƙwabci na nan ciki ba ya ganuwa.

Kada wani ya rikice: a 1993 aka juya sunan ya koma E500. Motar ita ce dai, fuska aka ɗan taɓa.

Matashi, Hotoro:

Baba da Oga ku yi mini afuwa dai,
Waƙarku ta yi daɗi, ta manta gidan mai.

Silinda takwas, kowanne da bakinsa,
Wa zai shayar da su? Aljihun wa zai kai?

Tun Mayun 2023 da aka cire tallafi,
Mai ƙaramar Corolla ma yana dafe kai.

Kun ce 250, to a wane titi?
A Bata ko 'Yankura? Ku faɗa mini dai.

Can adaidaita ce mai sarautar hanya,
Kana danna hon, ta riga ka kai.

Hajiya, Gwale:
Ɗana na Hotoro ka huce, bari manya su sa baki.

Ni ma ku ba ni fili in yi magana,
Ba ruwana da silinda, ni dai wurin zamana.

Na ji an ce kujera huɗu gare ta,
Biyu a baya, ta ukun ina za ta zauna?

In an tashi kai amarya Katsina,
Wa zan bari a Gwale cikin ƙawayena?

Amma fa but ɗinta ban raina ba,
Akwati da buhu, zai ɗauke kayana.

Ƙofa huɗu, in shiga da lulluɓina,
Ba irin 'yan tseren da sai na naɗe gwiwoyina.

Malam Direba, wannan kaɗai ya saye ni,
Mota mai gudu da ta san mutuncina.

Ga katako a gaba yana ta sheƙi,
Ga sanyi ciki ko ana tsakar rana.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Hajiya barka da zuwa. Tambayarki ta kujera tana da amsa, sai kuma gargaɗi ga masu shirin saye.

Hajiya ba rowa suka yi miki ba,
Aksul ɗin baya ne ya cika girma.
Ya cinye tsakiya, wurin mutum na uku,
Sai kujerun kamfanin Recaro biyu, na alfarma.

Sitiyarinta duk a hagu aka yi shi,
Ba a ƙera mai na dama ba ko ɗaya ma.
Mu da muka koma tuƙin dama a 1972,
Ta dace da titinmu ba wata rigima.

Mai saye kuma ya buɗe ido sosai,
Tambarin baya ana liƙawa, ba wuyar nema.
A ɗauko 230E a manna mata 500,
Buɗe bonet ka ƙirga silinda, kar ka yi gyangyaɗi ma.

Wayoyin injin na wancan zamani,
Zafi na cin rigarsu, ta farfashe, ta zama kayan tsumma.
Kano kuwa ba sai an ba ka labarin zafi ba,
Duba waya tukun, kafin ka ce ka gama.

Kayan V-Boot a kasuwarmu ba su yankewa,
Fitila da gilas, ka zo ka zaɓa ka kama.
Amma faffaɗan fenda nata ne ita kaɗai,
In ya lotse, sai haƙuri da dogon nema.

Tsohon Direba, Fagge:
Oga ka cika bakanike. Saura yaron nan na Hotoro.

Yaro ka yi gaskiya kan batun mai,
Ba zan musa ba, ko a da tana sha.

Amma wa ya ce ka kai ta 'Yankura?
Mai cefane ya hau adaidaita, ba fasha.

An yi ta ne don wanda zai ƙetare jihohi,
Da iyali, da kaya, da gorar ruwan sha.

Ya sauka a wurin ɗaurin aure da babbar riga,
Ba ta yamutse ba, shi ma ba ya nishi ko tasha-tasha.

Motar tsere ta ba ka gudu ta karya ƙugu,
Ta alfarma ta ba ka hutu ta bar ka a baya, ƙura kana sha.

Ita ta haɗa biyun a jiki ɗaya,
Shi ya sa har yau nake mata sha'awa, ban fasa ba, ban sha.

Matashi, Hotoro:

Baba na ji, na kuma sauke kai,
Ranar Asabar mu gwada ta, in da rai.

Kai ka nemo motar, Oga ya duba waya,
Hajiya ta zaɓi ƙawa ɗaya tak, ba ƙari dai.

Tsiren Kwanar Ɗangora ni zan biya,
Amma cika tanki, Baba, wannan sai kai.