Igiyar azurfa da "kunnen talaka"

Alhaji Ƙarami: Salamu alaikum jama'a. Ni fa yau raina a ɓace yake. Kun san wahalar da na sha kafin na mallaki hedifon ɗin nan, Sennheiser HD 600. To makon jiya aka kawo min kebul mai ruwan azurfa, mai bakin 4.4 (fulogi mai kaurin milimita 4.4), na cire wanda ya zo a kwali na saka shi. Wallahi ina kunnawa na ji sautin ya buɗe, gangar ta yi nauyi, murya ta matso kusa. Jiya ƙanin matata ya zo gida, wai shi mai karatun lantarki, ko ɗora abin a kansa bai yi ba ya fashe da dariya a gaban iyalina, wai an yi min sakiyar da ba ruwa, waya waya ce. Yaron da ni na biya masa kuɗin rajista! Shi ya sa ba na son tattauna sauti da masu kunnen talaka.

Bashir Kawo: Wa alaikumus salam. Alhaji, kunnen me ka ce?

Ɗan Rigasa: Kunnen talaka fa ya ce. Mun gode Alhaji. Ashe kunnen ma an raba shi, na Unguwar Rimi daban, namu na Rigasa daban.

Alhaji Ƙarami: Kai Ɗan Rigasa, kar ka juya min magana. Kunnen da bai saba da kaya masu kyau ba nake nufi.

Ɗan Rigasa: To wa ke sabawa da kaya masu kyau in ba mai kuɗi ba? Maganar dai ɗaya ce, ka sake mata riga ne kawai.

Anti Maijidda: Ni dai a asibiti ban taɓa ganin an auna kunne an ce wannan na mai kuɗi ne ba. Abin da na sani, yaro mai lafiya yana jin sauti daga wajen 20 har zuwa 20,000 a ma'aunin Hz na kauri da sirancin sauti, kuma shekaru na tafiya na saman yana zubewa. Alhaji, kai da ka ba arba'in baya, ƙanin matar taka ya fi ka jin siririn sauti, ko sisi babu a aljihunsa.

Bashir Kawo: Anti ta gama magana 😂

Injiniya Sadiq: Ku bari mu koma kan kebul ɗin, don tambayar tana da amsa. HD 600 tun 1997 yake kasuwa, kuma turjiyarsa, wato yadda yake tare wucewar lantarki, om 300 ce. Igiyar jan ƙarfe ta hedifon, in lafiyarta ƙalau, da wuya turjiyarta ta kai om ɗaya. Mu ɗauka rabin om ce. Ka jera rabin om da om 300, abin da ya ragu a ƙarar bai kai 0.02 dB ba, a ma'aunin ƙarfin ƙara. Yawancin mutane sai bambanci ya doshi 1 dB suke lura da shi. Azurfa kuwa gaskiya ta fi jan ƙarfe wuce da lantarki, amma da kusan kashi 6 cikin ɗari kawai. Wato rabin om ɗin nan ya koma 0.47. A kan wannan ɗan guntun ake cewa ganga ta yi nauyi? Kuma na Alhaji ma ba azurfa zalla ba ce, ruwanta aka shafa a kan jan ƙarfe.

Alhaji Ƙarami: Injiniya, ni da kunne nake sauraro, ba da kalkuleta ba.

Injiniya Sadiq: Ban ce ba ka ji komai ba, ranka ya daɗe. Ka ji, amma ba azurfar ka ji ba. Da can a ramin 3.5 kake sakawa, yanzu ka koma ramin 4.4. A na'urori da yawa ramin 4.4 yana ba da ƙarfin lantarki ninki biyu, wato ƙarin wajen 6 dB in ba ka taɓa maɓallin ƙara ba. Kunnen ɗan Adam kuma duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi, musamman gangar ƙasa. Hedifon mai om 300 dama yana son a tura shi. Ka samo kebul na jan ƙarfe mai arha mai bakin 4.4, za ka ji wannan buɗewar.

Ɗan Rigasa: Injiniya ka bar dogon lissafi. Ni dai sai Alhaji ya janye "talaka".

Musa Waya (admin): A yi haƙuri da juna don Allah. Amma Injiniya, in azurfa ba ta komai, me ya sa Turawa da 'yan Japan ke zuba dala ɗaruruwa a kanta? Duk wawaye ne?

Bashir Kawo: Admin, wa ya kawo wa Alhaji kebul ɗin ne ma?

Musa Waya (admin): Wannan ba shi ne a gabanmu ba.

Bashir Kawo: Na ji amsata.

Baba Panteka: Ku saurara yara. Ni da hannuna nake gyaran waɗannan abubuwa. Kwanaki wani ya kawo min kebul irin mai kitson nan, fari tas, mai ƙyalli, kunne ɗaya ya ɗauke. Na yanke bakin na fere rigar. Silin da ke ciki bai fi gashin kai kauri ba, kuma wurin da aka like da dalma ya yi kore, damina ta ci shi. Na kankare, na sake likewa, sauti ya dawo. Mutumin ya rantse wai ya fi da daɗi. Abin da nake gani kullum ke nan: bakin fulogi ya yi datti da ƙurar hunturu, ko dalma ta saki, ko silin ya karye a wuya inda ake lanƙwasawa. Mai irin wannan in ya sayi sabon kebul dole ya ji bambanci, domin tsohon ne ba shi da lafiya. Kuma wanda ya ce talaka ba shi da kunne ya zo Panteka, akwai yaron da ke gane janareta mai matsalar fulogi daga ƙararta kawai, yana tsallaken titi.

Ɗan Rigasa: Allah ya ƙara girma Baba! A gaya musu.

Alhaji Ƙarami: Baba, da girmanka, ƙarar janareta daban, sautin kiɗa daban.

Malam Habibu: Tunda an zo nan, ni tambayata ɗaya. Duk wannan kuɗin, don a saurari me? In karatu ne ko wa'azi, iyafis ɗin dubu biyu ya isar. In kiɗa ne kuma, kun san abin da malamai suka ce. Ga almubazzaranci a kai.

DJ Barnawa: Malam, don Allah kar a fara. An yi wannan a zauren nan ya fi a ƙirga, kuma kowa ya san akwai saɓani.

Malam Habibu: Saɓanin da ya yi maka daɗi ne kawai kake sani.

DJ Barnawa: Wa ya roƙe ni lasifika ranar walimar ƙaninsa?

Malam Habibu: Wa'azi aka sa da ita!

Musa Waya (admin): Malam, DJ, ku koma gefe ku ƙarasa. Dokar zaure ta hana.

DJ Barnawa: To shi ke nan. Ni abin da zan ce wa Alhaji, ka leƙa kowane situdiyo. Muryar da kake cewa ta matso kusa, ta bi ta igiyar makirfo ta jan ƙarfe mai tsawon mita goma ko fiye kafin ta shiga kwamfuta. Wanda ya haɗa sautin kuma wataƙila hedifon Sony MDR-7506 ne a kansa, wanda igiyarsa mai murɗi ko cirewa ba a yi, tun farkon shekarun 1990 ake aiki da shi haka. Sai a mita ɗaya da rabi na ƙarshe, tsakanin aljihunka da kunnenka, azurfa za ta dawo da abin da bai shiga ba? Amma fa ni ma ina canza kebul. Na HD 600 mita uku ne, yana harɗe ƙafar kujera. Wani kuma in ya gogi riga sai ka ji kwar-kwar a kunne. Don wannan a canza, ba laifi.

Injiniya Sadiq: Kuma don adalci, akwai inda kebul ke taɓa sauti da gaske. Ƙananan na cusawa a kunne masu tsada, wasu turjiyarsu om 16 ce ko ƙasa, kuma tana hawa tana sauka gwargwadon sautin. Ka sa musu siririn kebul mai om 2, ka rasa wajen 1 dB, kuma ba daidai ko'ina ba, sai wani ɓangaren ya dushe fiye da wani. A nan mai kunne zai iya ji. Amma kauri da tsawon silin ne suka jawo, ba sunan ƙarfen ba.

Musa Waya (admin): Alhamdu lillahi. Injiniya da bakinsa ya ce kebul na taɓa sauti.

Injiniya Sadiq: A om 16 na ce. Na Alhaji 300 ne.

Ɗan Rigasa: "Mai kunne zai iya ji." Injiniya kai ma ka shiga layinsu? Mu marasa kunne mu tashi ke nan?

Injiniya Sadiq: Innalillahi. Ɗan Rigasa me na yi maka?

Anti Maijidda: Ga hanya mai sauƙi. A ɗaure wa Alhaji ido da rawani, a daidaita ƙarar da mitar awo, wani ya riƙa canza kebul ɗin a bayansa ba tare da ya faɗa ba, sau goma. In ya canka tara, ni zan ba shi haƙuri a madadin ƙanin matarsa. Haka ake gwada magani ma, don mutum in ya san ya biya kuɗi da yawa, zuciyarsa na taya shi jin sauƙi.

DJ Barnawa: An taɓa irin wannan a Amurka. A 2007 James Randi, wani mai bankaɗo da'awar ƙarya, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai bambance wata igiyar lasifika ta dala 7,250 da ta gama-gari ido a rufe. Aka yi ta ja-in-ja kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba, kuɗin suka zauna.

Musa Waya (admin): To ka ga ba a yi ba ke nan. Ba hujja.

Alhaji Ƙarami: Ni ba wanda zai ɗaure min ido kamar ɓarawo. Hajiya, da mutuncina.

Bashir Kawo: Alhaji, tunda ana maganar mutunci da kuɗin azurfa, zubin adashen watan jiya fa? Mu talakawa muna jira.

Alhaji Ƙarami: Bashir, a nan za ka yi min wannan? Na ce maka ranar Juma'a.

Bashir Kawo: Juma'a biyu ta wuce.

Ɗan Rigasa: Ashe da kuɗin talaka aka sayo kunnen 😂😂

Alhaji Ƙarami: Kai yaro ne. Lokacin da nake sayen kaset a Kasuwar Barci kana goye.

Ɗan Rigasa: Kaset ɗin ma da igiyar azurfa kake ji?

Baba Panteka: Kai Ɗan Rigasa, ya isa. Ko ba komai ya girme ka. Kai kuma Alhaji ka biya yaron nan kuɗinsa, kuma kalmar nan ba ta yi ba.

Alhaji Ƙarami: Don darajar Baba, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Amma abin da na ji, na ji.

Ɗan Rigasa: "Wanda ya ji haushi." Wannan ba janyewa ba ce.

Injiniya Sadiq: Ina da mita, ina da kebul ɗin jan ƙarfe mai bakin 4.4. Asabar bayan la'asar ina nan Tudun Wada, minti ashirin ya isa. Wa zai zo?

Malam Habibu: Ni dai har yanzu ba a amsa min ba.

Anti Maijidda: Injiniya, kar ka wahalar da kanka, ba mai zuwa.

Musa Waya (admin): To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa don waɗanda ba su bi ba. Alhaji ya sayi kebul mai inganci kuma ya ji bambanci da kunnensa, ba wanda ya iya ƙaryata shi. Injiniya ya tabbatar azurfa ta fi jan ƙarfe, ya kuma yarda kebul na canza sauti. Baba ya shaida cewa kebul mara kyau na lalata sauti, DJ ma ya ce shi kansa yana canzawa. Gwajin Amurka ba a yi shi ba, don haka ba a kafa hujja da shi. Maganar "talaka" Alhaji ya ba da haƙuri, an wuce wurin. Batun adashe ba na zaure ba ne. Masu tambaya ta gefe, saura guda huɗu, akwai mai bakin 4.4 akwai mai 3.5, ana iya biya sau biyu. Na rufe zaure sai da safe.