Rezin yana manne min a jikin mol, a taimaka da shawara

Autar Mama: Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu aikin rezin (ruwan nan da ake zubawa ya daskare ya yi ƙarfi kamar gilashi) a taimaka min, mol ɗina, wato mazubin silikon da nake zuba kosta (abin ɗora kofi) da kiholda (mariƙin makulli), ya fara riƙe rezin, da can da na ɗan lanƙwasa shi abun yake faɗowa da kansa amma yanzu sai na yi ta ja, ɗaya ma ya yage ya taho da ɓallin silikon a gefensa. Wane feshi ake saye na hana shi mannewa?

Anti Mai Zubi: Wslm ƙanwata. Kafin ki sayi komai amsa min wannan, in kin taɓa abun da kika ciro yana danƙo a hannu ko kuwa ya bushe ƙam amma ya kama jikin mol ɗin? Don matsala biyu ce daban kuma maganinsu ba ɗaya bane

Autar Mama: Ya bushe ƙam Anti, ba ya danƙo ko kaɗan

Anti Mai Zubi: Toh da me kike fasa kumfa bayan kin zuba?

Autar Mama: Da 'yar wutar gas ɗin nan ta hannu, wani lokacin laita

Anti Mai Zubi: Yauwa nan gizo ke saƙar. Rezin na efoksi ba ya kama lafiyayyen silikon, shi yasa ma ake yin mol da shi, amma harshen wuta in ya lashi bakin mol ɗin yana ƙona fatar saman silikon ɗin sai ya haɗe da rezin su zama abu ɗaya, kuma ba lallai ki ga ƙuna da ido ba. Duba ki gani, na tabbata a baki baki yake kamawa ba a ƙasa ba. Wurin da ya ƙone kuma ya riga ya ƙone babu feshin da zai dawo da shi, sai dai ki kiyaye sauran.

Autar Mama: Wlh a bakin ne duk suke kamawa 😭

Yaya Kafinta: Anti ta gama magana. Wuta ta aikin shimfiɗa ce, kamar in an malala rezin a saman tebur ko allon zane inda babu silikon a kusa. A mol dai a bar ta

Maman Biyu: Ni abun da nake yi, ina zuba sifirit a ƙaramar kwalbar feshi, isofrofil mai ƙarfin 91 ko 99 cikin 100, in fesa sau ɗaya daga nesa kumfar sama duk sai ta fashe. Amma dan Allah wanda ya fesa sifirit kar ya kuskura ya kawo wuta kusa, yana kamawa nan take. Waɗanda suka maƙale a lungu kuma tsinke nake sa wa in taso su a hankali ba tare da na karce mol ɗin ba. Sannan in da sanyi ina tsoma kwalaben rezin ɗin a ruwan ɗumi kamar minti 10 kafin in haɗa, a rufe ruf kar ruwa ya shiga, yana tsinkewa kumfa ma bata cika taruwa ba

Sabon Shiga: Hit gan fa, na'urar nan mai hura iska mai zafi? ko itama tana ɓata shi

Anti Mai Zubi: Ta fi wuta sauƙi amma itama ba a tsayar da ita wuri ɗaya, a ɗaga hannu sama a wuce da sauri, daƙiƙa biyu uku ya isa.

Malam Injiniya: Bari in ƙara wani abu da mutane ba sa lura da shi. Ba daga waje kaɗai zafi ke zuwa ba, shi kansa rezin ɗin idan aka haɗa ruwansa biyu, A wato rezin ɗin da B wato hadna mai sa shi daskarewa, zafi yake fitarwa yayin da yake daskarewa, kuma iya kaurin zubi iya zafin. Irin wanda ake haɗawa 1:1 (awo ɗaya na A, ɗaya na B) na shafen sama an yi shi ne don siririn zubi, 'yan milimita kaɗan, to idan mutum ya cika mol mai zurfi da shi lokaci ɗaya kamar na dala ko ƙwallo zai yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, ya yi rawaya, ya tsage, kuma ya dafa silikon ɗin daga ciki. Mol mai zurfi sai a nemi rezin na zurfin zubi wanda yawanci 2:1 ne ko 3:1 kuma yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, ko a zuba hawa hawa ana bari kowane ya ɗan kama. A karanta jikin kwalba, kowane kamfani yana rubuta iya kaurin da nasa ke ɗauka da kuma ko da sikeli ake aunawa ko da kofi, ba a musanya su domin A da B nauyinsu ba ɗaya bane.

Sabon Shiga: Toh ni nawa irin na farkon ne da Anti ta faɗa, kwana uku kenan yana danƙo kuma ya ƙi fita

Malam Injiniya: Naka haɗi ne ɗan uwa, ko awo bai yi daidai ba ko juyi bai isa ba. Ana juyawa minti 3 zuwa 5 a hankali ana kankare gefe da gindin kofin, wasu ma sai su juye a sabon kofi su sake juyawa. Kuma ƙara hadna ba ya sa efoksi saurin bushewa, lalata shi yake yi. Kala ma idan ta yi yawa tana hana shi kamawa, kada ta wuce kamar kashi 6 cikin 100 na haɗin. Ka sa shi wuri mai ɗumi, digiri 22 zuwa 25, ka ƙara masa kwana ɗaya, idan bai canza ba sai dai ka kwashe ka wanke mol.

Maman Biyu: Sa shi a firiza tukun kamar minti 15, in ya sandare yana ɓallewa gaba ɗaya ba sai ka yi ta dangwala ba. Sauran guntayen kuma salatif zai ɗebe su

Autar Mama: Ngd sosai. Amma har yanzu ba a faɗa min feshin ba fa 😅

Anti Mai Zubi: Hhh gaggawa. Akwai Ease Release 200 na Mann, akwai Universal Mold Release na Smooth-On, duk ana amfani da su. Yadda ake yi, ki fesa sama sama daga nesa kamar santimita 30, ki bi da buroshi mai laushi ya shiga lunguna, ki ƙara fesawa kaɗan ki bari ya sha iska 'yan mintuna kafin ki zuba. In kika labta da yawa zai taru a ƙasa ya bar miki tabo da ƙananan ramuka. Ni a ganina sabon mol mai sheƙi ba ya buƙata, yana ma iya rage masa ƙyalli, inda yake da amfani shine mol mai zane da lunguna da yawa ko wanda ya fara tsufa kina so ki ƙara masa kwana. Kuma in zaki yi fenti ko ki ƙara rezin a sama sai kin wanke abun da sabulu don feshin da ya hana shi kama mol zai hana fentin ma kamawa

Hajiya Babba: Ni dai basilin nake shafawa kuma yana fita lafiya lau

Maman Biyu: Yana fita kam Hajiya amma ba ya dusashe miki fuskar abun?

Hajiya Babba: Yana yi in an cika, ni ɗan kaɗan nake sawa in goge da ƙyalle har sai kamar ba a shafa ba, kuma nawa yawanci masu kala ne ba garai garai ba, daga baya in bi da samfefa

Anti Mai Zubi: Toh kinga a masu kala zai wuce, amma mai son abu ya fito tas kamar gilashi ni bana ba shi shawarar basilin, duk layin yatsa sai ya fito.

Yaya Kafinta: Mu da muke haɗa namu mazubin da katako lissafinmu daban ne, rezin yana kama itace kamar gam, haka ƙarfe da gilashi da filasta, babu wani a gwada sa'a. Ina lulluɓe allon gaba ɗaya da faffaɗan salatif mai sheƙi kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi, ko irin Tuck Tape in an samu, in toshe kusurwoyi da silikon na bututu in bari ya bushe sosai saboda yoyo, sannan in shafa kakin karnauba sau biyu uku ina gogewa tsakani. In abun mai muhimmanci ne sai a ƙara ruwan PVA na cire mazubi a kai, yana bushewa ya zama siririyar fata kuma ruwa ke wanke shi, a lura ba farin gam ɗin kafinta nake nufi ba. Kuma a haɗa akwatin da sukurori don a kwance shi gefe gefe, ba a ɓamɓaro da ƙarfi ba

Sabon Shiga: Robobin gida fa za a iya zubawa a ciki?

Malam Injiniya: Juya gindin robar ka duba lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku. Lamba 5 wato PP, da 2 da 4 dangin PE, efoksi ba ya kama su. Lamba 6 kuwa ka guje ta. Sai kuma siffa, idan bakin robar ya fi cikinta ƙanƙanta ko bai manne ba ba zai fito ba sai ka yanka ta.

Hajiya Babba: A riƙa kula da wankin mol ma 'ya'yana, ruwan ɗumi da sabulun wanke wanke da tafin hannu kawai, banda soson ƙarfe banda asiton, a bari ya bushe sarai kafin a zuba, a ajiye shi a shimfiɗe cikin leda nesa da rana kar a ɗora masa kaya. Duk da haka yana da iyaka, in kika ga cikinsa ya yi fari fari ya daina sheƙi to ya gaji

Autar Mama: Akwai tire guda ɗaya da ke ciki yanzu haka tun jiya, ya zan cire shi kar ya yage?

Anti Mai Zubi: Bari ya cika awa 24 tukun, in kwalbarki ta ce fiye ki bi nata. Sai ki fara saki gefe gefe zagaye, ki ɗiga ruwan sabulu tsakanin mol da tiren ki murza ya zagaya, sannan ki naɗe silikon ɗin baya, mol ɗin ake cirewa daga abun ba abun ake finciko ba. Inda ya ƙone ya kama kar ki ja, sa reza ki raba a hankali, bakin tiren kya gyara da samfefa

Yaya Kafinta: Kuma a sa safar hannu ta naitiril a buɗe taga, in za a goga samfefa a jiƙa ta da ruwa saboda ƙura

Autar Mama: Toh Allah ya saka da alheri, gobe in sha Allah zan turo hoton yadda ya fito. Maman Biyu sifirit ɗin 70 ne a hannuna zai yi?

Maman Biyu: Ruwa ya yi yawa a cikinsa zai iya bar miki hazo a sama, nemi 91 zuwa sama